Keke da mai tafiya a ƙasa cikin duhu: jile da farin mayafi sun isa?

Tambaya: Wani magidanci daga Garwa, a arewacin Kamaru, ya rubuto cewa ɗansa yana koyon walda a cikin gari, ba ya tashi sai bayan magariba, sannan ya hau keke ya bi gefen kwalta zuwa gida ta hanyar Pitowa. Mahaifiyar magidancin kuma tun da jijjifi take fita zuwa inda take suyar ƙosai, kwanan baya ma wani mai keke marar fitila ya goge ta a lungu har ta zube. An ba shi shawara ya saya wa yaron rigar nan marar hannu mai launin ruwan lemo da ma'aikatan hanya ke sawa, wadda ake kira jile, Inna kuma ta riƙa yafa farin mayafi. Yana son sanin ko wannan ya isa, in kuma bai isa ba, me zai fara saya tunda aljihun ba nauyi.

Amsa:

Malam, Allah ya ƙara wa Inna sauƙi, ya kiyaye na gaba. Shawarar da aka ba ka ba ta banza ba ce, amma ba ta isa ba, kuma irin abin da ya sami Inna ba za ta hana shi ba. Sana'ata koyar da tuƙi, kafin nan kuma na daɗe ina jan mota cikin dare tsakanin Garwa da Marwa, saboda haka zan yi maka bayani daga kujerar mai tuƙi, don daga can ne ake ganin mutum ko a kasa ganinsa.

Zato guda ne ke cin mutane a hanya da dare: tunda ina ganin motar, ai ita ma tana ganina. Mai tafiya a ƙasa yana hango fitilar mota tun tana can nesa, hasken ya cika masa ido, sai ya ɗauka shi ma a fili yake. Direban kuwa ba abin da yake gani sai ɗan abin da fitilarsa ta haska a gabansa, bayan nan baƙi ne ƙirin. Masu bincike a Ostareliya, ƙarƙashin Farfesa Joanne Wood ta jami'ar fasaha ta Queensland, sun gwada wannan da dare a kan hanyar gwaji. Sai su sa mai tafiya a ƙasa ya nuna inda yake zaton direba ya fara ganinsa, sannan su auna inda direban ya gan shi a zahiri. Mutane sun riƙa ba kansu nisan da ya wuce gaskiya, kuma masu baƙaƙen kaya su suka fi yaudarar kansu.

A makarantar tuƙi muna da wani lissafi mai sauƙi da muke ba ɗalibai. Ka ɗauki lambar farko ta gudun da kake yi, ka ninka ta da kanta. Abin da ya fito shi ne kimanin mitocin da mota ke buƙata kafin ta tsaya cak, tun daga ganin abu har tsayawar taya, a kan busasshiyar kwalta da birki mai kyau. Kilomita 50 a awa, mita 25 ke nan. Kilomita 60, mita 36. Kilomita 90, wanda motoci da yawa ke yi da zarar sun bar gari, mita 81. Ƙaramar wuta, wadda direbobinmu ke kira kod, abin da ake nema daga gare ta shi ne ta haska mita 30, babbar wuta kuma, wato far, mita 100. Direba kuwa tilas ya koma kod duk lokacin da wata mota ta fuskanto shi. A ƙarƙashin kod, mai baƙaƙen kaya yakan bayyana ne a nisan mita 20 zuwa 30, mai fararen kaya wajen mita 50, wanda ke ɗauke da abin mayar da haske kuwa tun daga mita 130 zuwa 150.

To haɗa lissafin da kanka. Farin mayafi yana ba direba sarari a cikin gari inda ake tafiya a hankali. A hanyar Pitowa, inda mota ke buƙatar mita 60 ko 80, kafin direba ya gama gane cewa mutum ne, ya riga ya iso. Lissafin nan ma na mutumin da yake a farke ne, wanda ya taka birki cikin daƙiƙa guda. Wanda ya kwana biyu a hanya daga Ngaundere da gilashi mai ƙura ba haka yake ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mutuwar mai tafiya a ƙasa in mota ta buge shi yana ninkuwa sau huɗu da rabi tsakanin gudun 50 da 65. A rahotonta na 2023 kuma ta ƙiyasta mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya kowace shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, kuma Afirka ce ke kan gaba in an kwatanta da yawan jama'a.

Sai maganar jile, don a nan ake sayar wa mutane abin da ba shi ba. Abu biyu ne a jikin rigar, kowanne da aikinsa. Launin nan mai kashe ido, ruwan lemo ko kore mai haske, yana ɗaukar wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani ya mayar da shi launi mai ƙarfi. Da rana da kuma lokacin da rana ta faɗi amma gari bai rufe ba, ba abin da ya kai shi. Da duhu ya shiga aikinsa ya ƙare, domin fitilar mota ba ta ba shi irin wancan hasken, sai ya koma yadi kawai. Abin da ke aiki da dare shi ne ratsin nan masu ruwan toka da aka ɗinka a jiki. A cikinsu akwai ƙananan ƙwayoyin gilashi ko ƴan kusurwoyi da ke karɓar haske su mayar da shi daidai inda ya fito. Ka taɓa haska akuya da tocila cikin dare ka ga idonta ya kama wuta, alhali wanda ke tsaye can gefe bai ga komai ba? Haka riflakta, wato abin mayar da hasken nan, take. Mai fitila kaɗai take yi wa magana, shi ma sai in fitilar tana kusa da idonsa. Shi ya sa direban babbar mota, da yake zaune can sama nesa da fitilunsa, ba ya ganin ƙyallinta da ƙarfin da mai ƙaramar mota ke gani.

Akwai jilen da ratsinsa fenti ne kawai. Kafin ka biya, ka ɗora tocilar waya a gefen idonka, ka ja da baya ka haska shi a inuwar shago. Na gaske zai yi fari fat, na bogi zai tsaya yadda yake. Wanki da rana kuma suna cinye ratsin a hankali, don haka gwajin nan ba na ranar saye ba ne kaɗai.

Ko jile mai kyau ma ba shi ne ya fi ba. A 1973 wani masanin halayyar ɗan Adam a Suwidin, Gunnar Johansson, ya ɗaura wa mutane ƴan ƙananan fitilu a gaɓoɓi, ya ɗauki hotonsu suna tafiya cikin duhu. Masu kallo ba sa ganin komai sai ɗige-ɗigen haske, amma da ɗigon suka fara motsi, nan take kowa ya ce mutum ne ke tafiya. Ƙwaƙwalwarmu ta san tafiyar ɗan Adam tun kafin mu yi tunani. Ratsin da ke ƙirji ba ya motsi, direba na iya ɗaukarsa allon hanya ko wani ƙarfe. Ratsin da ke idon sawu kuwa yana hawa yana sauka, ba abin da ke yin haka a hanya sai mai taka keke. Gwaje-gwajen Ostareliya sun nuna mai keken da ya ƙara riflakta a idon sawu da gwiwa ana gane shi fiye da mai jile kaɗai nesa ba kusa ba. Ƙari a kan haka, kod ƙasa take haskawa, ƙafa take fara samu kafin ƙirji. Saboda haka in kuɗin bai kai ba, ɗan ƙyallen riflakta biyu da yaron zai ɗaure a ƙafar wando sun fi jile amfani, kuma za su hana kaca cin wandon. Ƴan rawayen riflaktan da ke jikin feda ma wannan aikin suke yi. Yawancin kekunanmu sun zubar da su, in nasa suna nan a goge su.

Yanzu ga inda shawarar ta bar Inna. Riflakta ba ta da hasken kanta, farin mayafi ma haka. Mai keken da ya goge ta ba shi da fitila, don haka ko an naɗe ta da riflakta daga kai har ƙafa ba zai gan ta ba, tunda ba hasken da za a mayar masa. A lungu da hanyar burji da gefen kwalta, inda keke da mutum ke raba hanya ɗaya, maganar duka tana rataye ne a kan fitilar keken. Keke ba shi da ƙara, ba ya sanar da zuwansa kamar kilando, wato babur ɗan haya. In ba fitila, mai keke bai ga mutum ba, mutum bai ga mai keke ba, sai dai a ji karo. Wannan ya sa in an tambaye ni abin da za a fara saya, ba na jinkiri: farar fitila a gaban keke, ja a bayansa. Ɗanka a hanyar Pitowa shi ne abin tausayi gaban manyan motoci, amma da ya shiga unguwa shi ne zai iya goge tsohuwar wani.

Ba sabon abu ba ne. Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa da aka yi a birnin Biyana a 1968 kan zirga-zirgar hanya, wadda ƙasashe da yawa suka ɗebo dokokinsu daga cikinta, ta lissafa abin da keke zai mallaka: birki mai aiki, ƙararrawa, jan riflakta a baya, farar wuta ko rawaya a gaba, jar wuta a baya. Launin nan ba ado ba ne, yare ne da kowa ya sani. Fari yana nufin abu na zuwa wajenka, ja yana nufin abu na tafiya gabanka. Samarin da ke ɗaura wuta mai canza launi, shuɗi da kore da ja duk a gaba, suna ruɗa mutane ne kawai, kuma jar wuta a gaban keke haɗari ce tsagwaronta.

Fitilar da ba a saita ba kuwa wata matsalar ce, kuma ta yi yawa tun da tocilolin LED suka cika kasuwa. Yaro zai ɗaure tocila mai ƙarfi a kan keke da robar cikin taya, bakinta na kallon sama, yana ta murna yana haska gari. Wanda ke tahowa ya makance. Ido yana buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya gama sabawa da duhu, haske mai ƙarfi kuma cikin ƙiftawa yake rushe wannan sabon, sai mutum ya yi ƴan daƙiƙu yana tafiya ba ya ganin kwata ko rami. Ga tsofaffi abin ya fi muni. Hasken da ke isa cikin idon ɗan shekara 60 bai fi kashi ɗaya cikin uku na ɗan shekara 20 ba, ga shi yana daɗewa kafin ya farfaɗo daga kashe ido, in kuma akwai yana a idon, hasken watsuwa yake yi ya rufe komai. Na sha ganin dattijo ya tsaya cak tsakiyar hanya ya kare fuska da hannu, mai keke kuma yana masa tsawa ya kauce, bai san shi ne ya ɗaure shi a wurin ba.

Jamusawa sun daɗe suna amfani da wata ƙa'ida ta saita fitilar keke, kuma ba ta buƙatar kayan aiki. A tsayar da keken mita biyar daga bango a wuri mai daidai, a kunna. Tsakiyar hasken ta sauka a rabin tsayin da fitilar take daga ƙasa. In fitilar na kan mita ɗaya, hasken ya bugi bango a rabin mita. Hakan na nufin hasken zai taɓa ƙasa wajen mita goma a gaba, inda ake buƙatarsa, kuma ba zai shiga idon kowa ba. A ɗaure ta tamau, don kwazazzaɓan hanya suna ɗaga ta.

Ba na son tocilar goshi ga mai keke a cikin unguwa. Duk wanda ka kalla ka haska masa ido, kuma mutum ba zai iya hana kansa kallon mai tahowa ba. A daji tana da amfani, a lungu fitina ce. Wuta mai ƙiftawa kuma tana jan hankali daga nesa, amma tana hana a ƙiyasta nisanka da gudunka. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ya san kima, to da dare kimar ce ke fara ɓace masa, ƙiftawar kuma tana ƙara ɓatar da ita. A Jamus ma ba a yarda a ɗaura mai ƙiftawa a jikin keke ba. Ni shawarata ta gaba ta tsaya ƙyam kullum. Ta baya, a kan babbar hanya, in yana da biyu ɗaya ta tsaya ɗaya ta ƙifta, in guda ce ta tsaya.

Dinamo irin na da, mai gogar taya, ba ya cin batir kuma ba a mantawa da cajinsa, amma da ka tsaya ya mutu, wato a mararraba, inda ka fi buƙatarsa. Cikin taɓo kuma zamewa yake yi. Fitila mai caji ta fi haske, sai dai ta fi son a kula da ita. Kada a bar ta a jikin keke cikin ranar Maris da Afrilu, zafin Garwa da ke haura digiri 40 yana kashe batirin da wuri. Yaron ya mayar da cajinta al'ada a wurin aiki. Sannan a duba kaya: buhun gawayi ko damin itace ko jarka a kan mazaunin kaya na bayan keke sukan rufe jar wutar ɗungurungum, haka ma babbar riga in ta sauko. In an yi lodi, a mayar da wutar bayan lodin.

Fitila ba ta ba mutum izinin gudu. Keken da ke kilomita 18 a awa yana cin mita biyar kowace daƙiƙa. Kafin ya ga abu ya matse birki ya tsaya, mita tara ko goma sun tafi, a kan yashi ko da lodi ko da robar birki da ta cinye kuwa sai abin ya kusa ninkuwa. Ƙa'idar da nake ba masu mota ita ce ta masu keke: kada gudunka ya wuce abin da za ka iya tsayawa a cikin haskenka. In fitilarka mita goma take nunawa, gudunka na mita goma ne. A bakin lungu da ƙofar gida, inda yaro ko akuya ke faɗowa ba sallama, a sassauta tun kafin a ga komai.

Ƙararrawa a buga ta tun da nisa, sau ɗaya ko biyu, a ba mutum lokacin waiwayawa. In ka bari sai ka zo bayan kunnensa ka buga, zabura zai yi, kuma mai zabura ba ya zaɓen gefe, sau da yawa gabanka zai faɗo. Sallama ma ta fi ƙararrawa a lungu, don murya tana gaya wa mutum ta ina kake. Dattijai da yawa ba sa jin siririyar ƙara sosai, yara kuma ba a san inda za su nufa ba, don haka waɗannan biyun a wuce su da gudun da za a iya sa ƙafa a ƙasa.

Wane gefe kowa zai bi? A Kamaru da Chadi dama ake tuƙi. Keke abin hawa ne, don haka dama zai bi, tare da motoci, ba ya fuskantarsu. Masu keke da yawa suna bin hagu wai don su riƙa ganin abin da ke zuwa. Wannan kuskure ne mai tsada: gudunka da na motar haɗuwa suke yi, lokacin da direba ke da shi ya ragu, kuma mai fitowa daga mararraba ba ya duba wannan ɓangaren. Mai tafiya a ƙasa kuwa, inda ba a ware masa wuri ba, hagu zai bi yana fuskantar motoci. Wanda ya sauka yana tura kekensa shi dama zai ci gaba da bi.

Ka lura da abin da wannan tsari ya haifar: mai keke da mai ƙafa a gefe ɗaya suke, fuska da fuska, a kan ɗan siririn bakin kwalta. In akwai fitila hakan alheri ne, kowa na ganin kowa. Yadda za a rabu shi ne mai ƙafa ya matsa waje, wajen ƙasa, mai keke ya rage gudu ya wuce ta wajen kwalta. Abin da ke kashe masu keke shi ne su karkata cikin kwalta farat ɗaya don kauce wa mutum ba tare da waiwaye ba. In akwai mota a baya, a tsaya. Ba a rasa komai da sa ƙafa a ƙasa. In mutane jerin gwano suke, a bi sahu ɗaya, na gaba da na baya su riƙe tocila.

Ita Inna, abin da zai fi mata amfani ƴar tocila ce a hannu, a kunne tun daga ƙofar gida, bakinta na kallon ƙasa ɗan gaba da ƙafarta. Tana nuna mata rami, kuma da yake hannu na lilo, hasken na motsi, ko mai keken da ba shi da fitila zai gan shi. Wannan ne kaɗai abin da ke hannunta game da irin wanda ya goge ta. Kada ta haska fuskar mai tahowa, don wanda aka kashe wa ido ba ya ganin gabansa. Farin mayafin ta ci gaba da sawa, yana taimakawa. Da yake zane na rufe idon sawu, a sa tela ya ɗinka mata siririn ratsin riflakta a bakin mayafin, a liƙa wani a jikin bokiti ko robar da take ɗauka, ko a sandarta in tana riƙewa. Wannan don motoci da kilando ne idan ta fito bakin titi. In kuma kun lura tana lalube da zarar magariba ta yi fiye da tsaranta, a kai ta a duba idon. Yana ana cire ta, dundumi kuma sau da yawa ƙarancin bitamin A ne, wanda ake samu a hanta da manja da zogale da mangwaro.

Akwai abubuwan da suka keɓanta da ƙasarmu waɗanda littafin tuƙi bai cika faɗa ba. Magaribarmu gajera ce. Rana na faɗuwa wajen ƙarfe shida, bayan minti ashirin da ɗoriya gari ya rufe. A wannan ɗan tsakanin sama tana da haske, ƙasa ta yi duhu, mutane na ganin kamar da sauran gari, direbobi da yawa ba su kunna wuta ba, kowa na sauri. A ganina ya fi tsakar dare haɗari. Yaron ya kunna fitila da kiran salla, kada ya jira sai ya daina gani. Da azumi abin ya fi tsanani, ga gaggawar buɗa-baki, ga jama'a sun cika bakin titi bayan tarawi. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuma hazo da hayaƙin murhu suna kwanciya a kan hanya, hasken fitila ya bugi ƙura ya dawo ido. A lokacin fitilar da ke ƙasa-ƙasa ta fi ta sama, kuma duk nisan da na lissafa a baya a rage shi. Da damina jiƙaƙƙiyar kwalta tana shanye haske, birkin keke kuma ba ya kama jiƙaƙƙen ƙarfe nan take.

Kada a dogara da fitilun titi. Wutarmu ta arewa mafi yawanta daga madatsar ruwa ta Lagdo take, wadda aka kammala a 1982, kuma in ruwa ya ja baya da rani an san yadda ake yi. Titin da jiya yake da haske yau yana iya zama duhu. Ko suna ci ma, tsakanin wannan falwaya da waccan akwai duhun da mutum ke ɓacewa a ciki, haka ma bayan hasken mai shayi ko mai tsire, inda ido ke manne wa wutar ya bar abin da ke gefenta.

Abu biyu zan so ka gaya wa yaron game da babbar hanya. In ya ga fitila guda tana tahowa, kada ya yanke cewa babur ne, yana iya zama kamyo, wato babbar mota, mai ido ɗaya, kuma ba a san ko idon dama ne ya mutu ko na hagu ba. In kuma ya ga ganye ko reshe a zube a kan kwalta, alamar mota ce ta lalace a gaba, sau da yawa ba ko wuta ɗaya a jikinta. Amalanke da shanu su ma ba su da fitila. Lokacin da ya fi kowanne haɗari gare shi shi ne sa'ad da mota ke tahowa ta gaba wata kuma ta baya, domin direban bayan an kashe masa ido, ga shi a kod. In ya ga inuwarsa ta miƙe a gabansa alhali wata wutar na fuskantarsa, ya sauka daga kwalta. Abin sauraren waƙa a kunne kuwa a ajiye shi sai an isa gida.

Game da saye, ga yadda zan bi in ni ne. Fitilar gaba da jar ta baya tukuna, tare da ƴar tocilar Inna. Sannan a kai keken wurin mai gyara ya duba robar birki ya sa ƙararrawa. Sai riflaktan ƙafa, da tef mai mayar da haske irin wanda ake liƙa wa manyan motoci, ana samunsa wurin masu sayar da kayan mota: ja a madigadin baya, fari a gaba, wani kuma a gefen ƙarfen keken da wayoyin taya saboda masu fitowa daga mararraba, tunda fitilar gaba da ta baya ba sa nunawa sosai ta gefe. Jile ya zo a ƙarshe, kuma in an saya kada jakar baya ta rufe shi.

In an gama, ku fita wani dare a hanyar da ba motoci. Yaron ya riƙe tocila a gefen idonsa, kai ka hau keken ka yi nisa, da farko ba wuta ba riflakta, ya ƙirga taku nawa ne kafin ka ɓace masa, sannan ku maimaita da kayan a jiki. Shi ya kamata ya tsaya a matsayin direba, don shi ne zai riƙa yanke shawarar kunna fitilar kowace magariba ba ka wurin. Ku maimaita gwajin in hazo ya sauko, za ku ga takun ya ragu.